Haƙurin da Ya Fitar da Matata Daga Aji

Ina gaida edita da duk mai bin wannan shafi. Da can sai dai a karanta mini labaran mutane a nan ina saurare, yau ga shi da hannuna nake rubuta nawa, a hankali, irin rubutun wanda ya koyi riƙe alƙalami da furfura a kansa. A farkon shekarun dubu biyu ni magidanci ne a garin Zuru, na haura arba'in da biyar, da damina ina noma, da rani ina saye da sayar da hatsi a kasuwa. Ban san ko baƙi ɗaya ba a lokacin, in an ce a sa hannu sai in miƙa babban yatsa. Abin da aka san ni da shi a unguwa shi ne haƙuri. In an yi faɗa ni ake kira, in baƙo ya rasa masauki gidana ake nuna masa, in akuyar wani ta shiga gonata mai ita ba ya ma wahalar zuwa ban haƙuri, don ya san ba zan yi magana ba. Ina jin daɗin wannan shaida da mutane suke mini. Abin da ban lura da shi ba shi ne, duk nauyin da na amsa da "to" a ƙofar gida, a cikin gida ake sauke shi, kuma ba a kaina ba.

Ba haka kawai na tashi da wannan hali ba. Mu Lelna, waɗanda Hausawa suke kira Dakarkari, a zamaninmu ba a ba saurayi mata sai ya yi golmo, wato ya yi wa uban yarinyar noma shekara bakwai, shi da tsaransa. Ni na yi nawa a wani ƙauye da ke bayan Manga, a gonar wani dattijo mai ƙarancin magana wanda tun daga lokacin Baba nake ce masa. A golmo ake koya wa namiji cewa in suruki ya nuna maka gona ba ka tambayar girmanta. Ba ka cewa ka gaji, ba ka cewa sai gobe, ba ka ɗaga ido ka dubi fuskarsa. Ka durƙusa, ka ce to, ka ɗauki garma. Haka na yi ta cewa to har kalmar ta zauna mini a baki. Ita kuwa yarinyar da nake wannan noma dominta, ina gona tana makaranta, domin Baba, duk da bai taɓa shiga aji ba, ya sa ta boko lokacin da tsaransa suke masa dariya. Bayan aurenmu aka ɗauke ta koyarwa a firamare, daga baya ta sami takardar malanta mai daraja ta biyu. Ta fi shekara ashirin tana koyar da 'yan aji ɗaya da aji biyu. Yawancin matasan unguwarmu a hannunta suka fara gane baƙi, har ni kaina Malama nake kiranta.

Ana nan sai magana ta fito daga sama cewa takardar da take da ita ta daina isa, duk malamin da ba shi da NCE nan da 'yan shekaru za a cire shi daga aji. Ba ta da halin barin aiki da yara ta tafi kwaleji a wani gari, don haka ta shiga tsarin karatu daga nesa da aka buɗe wa malamai irinta. Yadda abin yake, ana ba ɗalibi littattafai ya je gida ya karanta da kansa, ya rubuta jinga ya kai. Ranar Asabar a haɗu da malamai a cibiyar karatu, wadda wata sakandare ce a nan Zuru. In an yi dogon hutu kuma sai a yi 'yan makonni ana zuwa kullum, sannan a zauna jarrabawa. Takardun jarrabawar daga can nesa ake kawo su, can kuma ake mayar da su a duba. Ranar da ta iso da littattafan a ɗaure da igiya a bayan ɗan kabu-kabu, na ce mata ai sauƙi ya zo, ga karatu har gida, ba tafiya, ba barin yara. Ta dube ni ta ce Allah ya sa.

A shekarar ne kuma aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na manya a makarantar da take koyarwa, da yamma bayan yara sun tashi. Ita ta matsa mini in shiga. Ta ce ta gaji da ganin mijin Malama yana dangwala yatsa kamar mai ɗanɗana miya. Ta sayo mini littafin rubutu da fensir, ta ɗinka mini 'yar jaka da ragowar atamfa, ta kuma raɗa mini suna ɗan aji ɗaya. In na dawo sai ta ce ɗan aji ɗaya ya zo ya nuna abin da aka koyo, ko yau ma barci aka je yi a benci. Ni kuma in ce 'yar jami'a ta yi mana a hankali, mu ba mu saba ba. Yara su yi ta dariya, wai gida ya cika da ɗalibai, kaji ne kawai ba su yi rajista ba. Watannin nan na farko sun yi daɗi, kuma su nake tunawa in ina son zuciyata ta huta.

Amma mutane ba su ɗauki karatun nan biyu ɗaya ba. Ni in lokaci ya yi na rataya jakata, duk wanda ke ƙofar gida sai ya ce a'a, Maigida ya tafi kada ya makara, maganar za ta jira. Abokan kasuwa suna tsare mini rumfa in ranar aji ta zo. A coci an taɓa tsayar da ni aka nuna wa matasa, wai ga dattijo bai ji kunyar komawa makaranta ba. Duk wannan don ina da inda zan je, akwai benci, akwai ƙararrawa, akwai malami a tsaye. Ita kuwa ajinta tabarma ce a gindin mangwaron tsakar gida. Ta dawo daga koyarwa da rana, ta ɗora girki, ta buɗe littafi. A wurinmu kuwa macen da aka gani a zaune, ko da littafi a cinyarta, ana ɗauka hutawa take yi. Maƙwabciya ta leƙo ta ce tun da Malama tana zaune ta riƙe mata jariri ta je niƙa. Wata ta zo a rubuta mata saƙo zuwa ga ɗanta soja a bariki. 'Yan zumuntar mata su biyo a tafi gaisuwar rasuwa. Mutanen ƙauye da suka zo asibiti ko cin kasuwa su sauka a gidanmu, ni in yi musu maraba a ƙofa, in rataya jakata in tafi aji, ita ta rufe littafi ta sauko da babbar tukunya. Na sha dawowa in tarar da littafin a kife a kan tabarma yadda na bar shi, kaza ta bi ta kansa. Sau da yawa ta roƙe ni, ko yini biyu a mako in riƙa ce wa mutane ba ta nan. Na ce yaya zan ce ba ta nan alhali suna hango ta ta kan katanga, ai ƙarya ke nan, kuma in an gama da baƙi littafi ba ya gudu. Wannan magana ta littafi ba ya gudu na yi ta faɗa har ta daina ba ni amsa.

Babbar matsalar ita ce damina. Dogon hutun da ake zuwa cibiya kullum yana faɗowa ne daidai lokacin maimai da huɗar dawa. 'Ya'yan Baba maza duk sun shiga soja, suna barikoki nesa da gida, gona kuwa ba ta ragu ba. Kowace shekara sai ya sa ranar gayya ya aiko. Kuma ni yake aiko wa, ba 'yarsa ba, domin tun da ya ba ni ita, ta bakina ake neman ta. Ni in tara maza, ita kuma ta riga mu tafiya ta taya tsohuwa, mahaifiyarta, surfe da niƙa, ranar aiki a dama kunu a tuƙa tuwon jama'a. Shekarar farko ta rasa kwanaki a cibiya, ta biyu ma haka. Sakamako ya fara fitowa da darussan da ta faɗi, waɗanda dole ta sake su a shekara mai zuwa ta haɗa da sababbi. Kaya ya riƙa hawa kan kaya. Sai ta ce in je in yi wa Baba bayani ya riƙa kauce wa makonnin karatu, domin in ita ta faɗa, tambayarta zai yi ko mijinta ya sani, magana ta sake dawowa wurina. Na ce zan je, kuma na je. Na same shi a gindin rumbu yana gyara ƙotar garma, na durƙusa na gaishe shi da yarenmu. Kafin in buɗe baki ya fara zancen 'ya'yansa da ba su zo ba. Ya ce babban ya aiko masa da rediyo, to rediyo ne zai yi masa huɗa? Ya ce ni kaɗai na rage masa, ni ne ɗan. Maganar da na ɗauko tun daga Zuru ban faɗe ta ba, na ce to Baba. Da na dawo na ce mata Baba ya tsufa, mu yi haƙuri bana, baɗi a san yadda za a yi. Ta tambaye ni kai tsaye ko na faɗa masa. Na ce ban ga fuska ba. Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Haka baɗi ta zo ta wuce, wata baɗin ma ta zo. Waɗanda suka fara tare da ita suka gama suka karɓi takarda, ita tana nan tana jan ragowar darussa. Ta rame, ta fara sa tabarau, ciwon kai ya zama abokin zamanta. Ranar Asabar in ta dawo daga cibiya sai ta zauna a bakin ƙofar ɗaki da takalmi a ƙafa, ta daɗe ba ta cire ba. Wasan ɗan aji ɗaya ya ragu, sai jefi-jefi. Ni kuwa ina ta ci gaba, na fara haɗa kalmomi, ina karanta rubutun jikin motoci da ƙarfi ina jin daɗi. A ƙarshe darasi biyu suka rage mata. Mai kula da cibiyar ya kira ta ya gaya mata cewa shekarun da aka yarda ɗalibi ya yi sun cika, wannan zaman shi ne na ƙarshe a gare ta. A ofishin ilimi kuma aka sanar cewa ƙarshen shekara za a tantance malamai, wanda ba shi da takarda ya san inda ya nufa. Duk wanda ke gidanmu ya san wannan jarrabawa ita ce aikinta.

A ranin shekarar tsohuwa, mahaifiyarta, ta rasu. Da damina ta yi tsakiya sai ga saƙon Baba, gayya ranar Laraba. Jarrabawar kuwa Alhamis ce, ɗaya da safe, ɗaya da rana. Malama ta ce wannan karon ba za ta je ba. Tun da muka yi aure ban taɓa jin ta faɗi haka a kan aikin gidansu ba. Na ce in ba ta je ba wa zai tsaya a kan tukwane, ga shi gayyar farko ce bayan rasuwar tsohuwa, mutane za su ce mun yar da dattijo. Ta ce matan ƙauye ba su mutu ba. Na ce za su yi girki, amma ba wadda za ta sa hannu a rumbun Baba ta auno hatsi in ba 'yar gida ba. Ta ce to in je in roƙe shi ya ɗaga ranar. Maimakon in amsa sai na kawo mata dabara. Na ce zan ari babur ɗin maƙwabci, da la'asar ake tashi daga gona, kafin magariba muna Zuru, ta kwana a ɗakinta ta tashi ta je jarrabawa. Ta ce rafin da ke kan hanya fa? Na ce an kwana biyu ba a yi ruwa mai ƙarfi ba. Ni da na yi ƙuruciyata ina tsallaka rafin nan da garma a kafaɗa, na san halinsa a watan Agusta fiye da kowa. Na faɗi haka ne kawai don kada in koma in durƙusa gaban Baba da magana a baki. Ta tashi ta sa littattafan nan biyu a leda ta ƙulle.

Gayya ta yi kyau, ba zan ce ba ta yi ba. Samari sun zo da yawa, ana kiɗa ana huɗa, Baba yana zaune a inuwa yana ta sa albarka. Ledar littattafai tana rataye a jikin rumbu tun safe, hayaƙi bai bar mai ita ta taɓa ta ba. Bayan an ci tuwon rana hadari ya haɗo. Ta zo bakin gona da kanta, da muciya a hannu, ta ce Maigida ya dubi gabas. Na duba, na gani. Amma sauran aiki kaɗan, kuma surukin da ya kawo gayya ba ya hawa babur ya bar mutanensa a gonar wani. Na ce yanzun nan za mu tafi. Ba mu kai ga yin sallama da Baba ba ruwa ya sauko, irin wanda ba ka ganin wanda ke gabanka. Bai ɗauke ba har duhu ya yi, dole muka kwana.

Da gari ya waye muka tura babur cikin taɓo muka nufi rafi. Tun daga nesa muke jin ƙugin ruwa. Ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da rassan itace, mashigin da muka bi shekaranjiya babu ko alamarsa. Babu gada a wurin, babu kwalekwale, domin da rani yashi ne kawai yara suke wasa a ciki. Mutane suna zaune a gaɓa ta nan da ta can suna jira ya janye. Ban ankara ba sai na ga Malama ta ɗaure zane, ta ɗora leda a ka, ta shiga. Ruwa ya kai mata cinya yana jan ta, mata suka sa kururuwa, na faɗa na kamo ta. Ta ce in sake ta. Na ce a'a. Ta ce don Allah in sake ta, ta san inda duwatsun suke. Na ce a'a, na jawo ta gaɓa da ƙarfi. Ban yi nadamar wannan ba, da na sake ta da gawa za mu nema. Amma a nan, ina riƙe da hannunta muna ɗigar ruwa, na gane cewa a duk duniya mutum ɗaya ne na iya ce wa a'a, kuma shekaru ke nan ita kaɗai nake ce wa. Ta zauna a kan dutse ta kwance leda ta buɗe littafi. Wata tsohuwa mai kwandon gauta ta tambaye ta ina take sauri haka har za ta ba da ranta. Ta ce makaranta. Tsohuwar ta ce da girmanta, ai sai ta bar wa jikoki. Malama ta yi murmushi ta rufe littafin, ta zuba wa ruwa ido. Sai da rana ta take sannan ya sauka zuwa ƙugu, samari suka ɗaga mana babur muka haye.

Muna isa cibiya ɗalibai suna fitowa daga zaman safe. Na nemi mai kula da wurin, na zube a gabansa yadda na saba zubewa gaban manya. Mutumin kirki ne, ya kama kafaɗata ya ce in tashi kada in sa shi jin kunya, ai ya san Malama, ita ta koyar da ƙannensa. Ya ce amma an riga an haɗa takardu an liƙe, yau za su bar gari, shi nasa buɗe ƙofa ne da rufewa. Masu yanke hukunci suna can nesa, ba su san rafinmu ba, ba su san gayya ba, lamba suke gani. Ya ce zai rubuta musu, kuma na yarda ya rubuta. Duk rayuwata abin da na sani shi ne in ka durƙusa ka kwantar da kai magana tana gyaruwa. Ranar na ga inda babu wanda za a durƙusa wa. Malama ta shiga zaman rana da jiƙaƙƙen zane, taɓo har gwiwa, ta rubuta. Da sakamako ya fito ta ci wannan ɗin. Darasi ɗaya ya rage, na safen, kuma amsar da ta zo daga baya ita ce sai dai ta sake shiga daga farko.

Tantancewa ba ta jira ba. Aka sallame ta tare da wasu malamai irinta, ta dawo gida da kofin shan ruwanta da tsumman goge allo a jaka. Ba a daɗe ba aka yi bikin yaye ajinmu na manya, a filin makarantar, daidai ƙofar ajin da ta bari. Na ce ba sai ta je ba. Ta ce wa zai je in ba ta je ba. Ita ta wanke mini riga ta goge, ta zauna a sahun baya, da aka kira ni ta tafa. Yaran ajinta suka hango ta suka rugo suna Malama, Malama, suna tambayar yaushe za ta dawo, wai sabon malamin ba ya yi musu waƙa. Ta ce su koma su zauna kada a dake su. A hanyar gida ta karɓi takardata ta riƙe mini don kada in lanƙwasa ta, ta ce barka Maigida. Ba ta ce ɗan aji ɗaya ba, kuma daga ranar ban sake jin sunan a bakinta ba.

Baba bai san komai ba sai da kaka, da ya zo Zuru ganin likitan ido ya tarar da ita a gida da hantsi tana shanya kuɓewa. Ya tambaya ko an yi hutu ne. Ta ce an sallame ta. Ya tambayi dalili, ta juyo ta dube ni, dole na durƙusa na ba shi labari tun daga farko. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce ai ranar gayya shi ya sa ta da bakinsa, ba daga sama ta faɗo ba, da an gaya masa da ya mai da ita Asabar, dawa ba ta mutuwa don an jinkirta mata huɗa kwana uku. Ya ce yarinyar nan a kafaɗarsa yake tsallaka wannan rafin da ita ya kai ta makaranta, mutane suna cewa ya haukace, yanzu a ce tukunyar tuwonsa ce ta fitar da ita daga aji? Ya ce in ɗago kai in dube shi. Tun ina saurayi ban taɓa kallon idonsa ba sai ranar. Ya ce golmo ya ƙare tun ranar da ya ba ni ita, ya sallame ni a gaban mutane, wa ya ce in ci gaba? Ya ce noman da na yi masa ba don ya rasa masu noma ba ne, so yake ya ga ko zan iya riƙe masa 'ya. Bai zage ni ba. Ya nemi sandarsa ya ce a kai shi tasha, ko ruwa bai sha ba.

Na roƙi Malama ta sake shiga, na ce wannan karon zan tsaya. Ta ce idonta ya gaji, ita ma ta gaji. Yanzu da yamma tana tara yaran unguwa a gindin mangwaron tana koya musu baƙi, iyayensu suna kawo abin da ya sauƙaƙa. Muna zaune lafiya. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, wani lokaci har nakan so ta tayar ta yi mini faɗa ko zan ji sauƙi. Bara babbar 'yarmu, wadda take aiki a wani ɗakin shan magani, ta shiga karatun digiri daga nesa. Na kwashe buhunan hatsi daga ƙaramin ɗaki, na sa mata tebur da kujera, na gyara ƙyaure. In ta shiga sai in ɗauki benci in zauna a ƙofar gida. Duk wanda ya zo neman ta nakan ce tana makaranta. In ya ce ai ga takalminta nan, sai in ce takalmin ne yake gida. Baƙin ƙauye in sun zo a irin wannan lokaci, ko su jira ko in kai su mai abinci a bakin kasuwa. An fara cewa tsufa ya ɓata mini hali. Ranar nan ƙanwata ta zo da ƙullin wake tana son 'yar ta raka ta niƙa, na mayar da ita tana ta mita. Ashe Malama tana bayana da tsintsiya a hannu. Ta ce ashe bakin nan ya iya. Ba da faɗa ta faɗa ba, ta ci gaba da shararta, ni kuwa na kasa juyowa.

Abin da ya sa na rubuto ke nan. Yanzu karatu daga nesa ya yawaita, kusan kowace unguwa akwai mai yi, kuma abu ne mai kyau, ban ga laifinsa ba. Amma duk wanda yake da mata, ko miji, ko ɗa da ke irin wannan karatu, ya sani cewa ba shi da ƙararrawa, ba shi da katangar makaranta, ba shi da maigadi, mutanen gida su ne duk waɗannan. In ba ku tsare masa ƙofa ba babu mai tsarewa, kuma ranar da abu ya ɓaci babu wanda za ku je ku roƙa. 'Yan'uwana maza da ake yaba wa da haƙuri, kafin ku ce to ku waiwaya ku ga wa zai tashi daga zaune saboda wannan to ɗin. Kada kuma ku amsa wa dattijo a zuciyarku tambayar da ba ku yi masa ba, ku buɗe baki ku faɗa, wataƙila ya fi ku son abin da kuke tsoron roƙa. Ni na iya karatu yanzu, ina karanta jarida, ina rubuta sunana, kuma ita ce ta ɗinka mini jakar da na fara zuwa aji da ita. Da za a ce in mayar da duk abin da na koya a mayar da Malama gaban allonta, da tun yau na koma dangwala yatsa.